Kwamfutar girke da aka riga aka haɗa: ta ci kuɗinta ko in haƙura?

Auwalu_MaiZane:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema kafin in saki kuɗi. Ina da ɗan shago a unguwarmu a nan Kano, ina buga takardu, ina zana katin biki da kalanda da banna, ina kuma cike wa yara fom ɗin makaranta. CorelDRAW da Photoshop su ne abincina, sai Word. Laftof ɗin da nake aiki da ita ta gaji, in na buɗe banna babba sai ta daskare, mai aiki yana tsaye a kaina. Shekara guda ina zubin adashi, makon jiya na kwashi ₦550,000, jiya kuma na zaga kasuwa na ga guda biyu.

Ta farko sabuwa ce dal, haɗin shago. Akwati baƙi mai gilashi a gefe, da fankoki uku masu fitilu kala-kala. Mai shagon ya rubuta min a takarda: Core i7, RAM 16GB, katin girafik 4GB, ma'ajiya 1TB, haɗe da monita inci 24 da kibod da maus, duka ₦520,000.

Ta biyu tokumbo ce, HP EliteDesk 800 G4, ƙarama mai kwanciya a kan tebur. Core i5, RAM 8GB, SSD 256GB, babu monita, ₦285,000.

Gaskiya zuciyata ta fi kwanciya da ta farko, tunda ko'ina lambarta ta fi, kuma sabuwa ce. Amma kuɗin nan gumina ne na shekara. Ta ci wannan kuɗin?

Ummi_Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ni dai a tawa fahimtar i7 ya fi i5, 16 ya fi 8, sabo ya fi tsoho. Ɗauki ta farko, Allah ya sa albarka.

InjiniyaBala:
Malam Auwalu, kar ka biya tukuna. Takardar da aka rubuta maka ba ta gaya maka komai ba. "Core i7" sunan gida ne, ba sunan mutum ba. Intel ta fara fitar da i7 tun 2008, kuma shekara bayan shekara ana ta sabon zubi. Akwai i7-2600 na 2011, akwai i7-4770 na 2013, akwai i7-12700 na 2022, dukkansu i7 ake ce musu, amma tsakanin na farko da na ƙarshe tafiyar yini ce. Lambar da ke bayan ɗan layin nan ita ce magana. A kwamfutar girke, in lambobi huɗu ne, na farkon shi ne zubin; in biyar ne, biyun farko. Koma shagon ka ce a kunna ta, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka ɗauko mana hoton CPU (firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar) da Memory (RAM) da Disk (ma'ajiya) da GPU (katin girafik). Haka shi ma "girafik 4GB" ba suna ba ne. Wane kati? Kuma 1TB ɗin, SSD ne, wato ma'ajiya mai sauri marar faifai, ko HDD mai faifai mai juyawa?

Ita ta biyun na san gidansu. G4 zubi na takwas ce, in dai ba a canja mata komai ba i5-8500 za ka tarar a ciki, na 2018, mai kawunan sarrafawa shida.

Sani_Funtuwa:
Injiniya ya gama magana. Duk mai shagon da ya rubuta i7 ya yi shiru a kan lambar, akwai dalili. Da zubi na goma sha biyu ne da shi zai fara rubutawa da jan biro.

Alhaji_Kwamfuta:
Sani, a yi mana adalci. Shekarata goma sha huɗu ina wannan sana'a, kuma ba kowane ɗan kasuwa ne macuci ba. Mu ma abin da mai saye ke tambaya shi muke rubutawa. Mutum ya shigo shago, kalmarsa ta farko "i7 nake so", ka nuna masa i3 na zubi na goma sha biyu ka ce masa wannan ya fi tsohon i7 ɗin da yake nema gudu, sai ya dube ka kamar za ka cuce shi, ya fita ya je maƙwabta ya sayi i7 na shekara goma sha uku da suka wuce yana murna. Sau nawa aka yi min haka. To yaya za mu yi?

Sani_Funtuwa:
Allah ya huci zuciyar Alhaji, ban ce kowa ba. Amma rashin sanin mai saye ba ya halatta a ɓoye masa aibin kaya.

Alhaji_Kwamfuta:
Wannan kam gaskiya ne, ban musa ba.

Maman_Ilham:
Ina bin wannan muhawara da kyau domin mu ma makarantarmu za ta ƙaro kwamfutoci na ɗakin jarrabawa. Abin da nake so in sani, ita tokumbon ba ta gama tsufa a can ba kafin a kawo mana? Abin da wani ya more shekara biyar ya yar, shi za mu saya da tsada?

InjiniyaBala:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Irin su EliteDesk da OptiPlex da ThinkCentre an ƙera su ne domin ofisoshi da bankuna, a kunna tun safe har yamma kullum. Kamfanonin Turai da Amurka sukan canja su bayan 'yan shekaru bisa tsarinsu, ba don sun lalace ba. Shi ya sa ake samunsu da yawa iri ɗaya, kuma kayan gyaransu ba ya wahala. Abin da ke gajiya a cikinsu sananne ne: ma'ajiya, fanka, ɗan batirin agogo CR2032, da man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi. Duk waɗannan ana canja su da kuɗi kaɗan. Firosesa da RAM ba kasafai suke mutuwa ba. Ga makaranta ma ni ita zan zaɓa, domin in kika sayi ashirin iri ɗaya, in ɗaya ta mutu ta zama kayan gyaran sauran.

Auwalu_MaiZane:
Na dawo daga shagon yanzu. Mai shagon bai hana ni dubawa ba, shi da kansa ya kunna min. Ga abin da na gani: CPU i7-3770. Memory 16GB DDR3. GPU an rubuta GT 730. Disk kuma an rubuta HDD a ƙasansa. Daga danna maɓalli zuwa bayyanar fuskar Windows na duba agogon wayata, ya haura minti ɗaya. Na kuma je wurin ta biyun, i5-8500 ce kamar yadda Injiniya ya ce, ita kafin in gyara zama ta buɗe. Jikina ya yi sanyi, domin saura ƙiris jiya in ba da kafin alƙalami.

InjiniyaBala:
Alhamdu lillahi da ka duba. Bari in warware maka abin da ke cikin akwatin nan mai fitilu.

Shi i7-3770 na 2012 ne, zubi na uku, kawuna huɗu. A zamaninsa gwarzo ne, har yau ma zai buɗe Word da intanet lafiya lau. Amma Intel ta daɗe da daina ƙera shi, saboda haka duk wanda ka gani a kasuwa yau daga wata tsohuwar kwamfuta aka ciro shi. Kenan kalmar "sabuwa" a kan akwatin kawai ta tsaya, da fankoki, wataƙila da fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta. Allon cikin akwatin da aka dasa firosesan a kai, in ka buɗe, galibi irin H61 ne. Shi H61 asalinsa ba shi da USB 3.0, kuma tashar ma'ajiyarsa SATA ta biyu ce, wadda ba ta wuce kusan MB 300 a daƙiƙa. Ko ka saya masa SSD mai iya 550, rabi da ɗoriya kawai zai ba ka.

GT 730 kuwa na 2014 ne, kuma tun a lokacin shi ne na ƙasa-ƙasa. Wannan 4GB da aka liƙa masa kamar a ɗaura wa jaki buhu takwas ne, wurin ɗaukar kaya akwai, ƙarfin tafiya babu. Girafik ɗin da ke cikin i5-8500 kansa, UHD 630, ba zai bar masa wata rata ta a zo a gani ba a irin aikinka.

Ga kuma babbar magana. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma a hukumance sai Intel zubi na takwas zuwa sama, da wani ɗan ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Ta farkon ba ta cika sharaɗi ba, ta biyun ta cika daidai bakin iyaka. Bayan haka sabbin manhajojin Adobe da dama sun fara neman abin da ake kira AVX2 a firosesa, shi kuma a zubi na huɗu ya fara zuwa. Wato rana na nan tafe da za ka so sabon Photoshop, i7 ɗin nan ya ce bai san zance ba.

Ummi_Kaduna:
Innalillahi. Malam Auwalu ka yafe ni, na ba ka shawara a kan abin da ban sani ba. Ni ma haka na sayi tawa bara, lambar i7 kawai na duba.

Kabiru_Linux:
Injiniya, a nan zan ɗan ja da kai. Maganar Windows 11 ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Ana iya tsallake sharaɗin da wata manhaja mai suna Rufus a ɗora ta a kan tsohuwar na'ura, na yi wa mutane da yawa. Ko kuma a sa Linux Mint kyauta a madadin Windows, tsohuwar kwamfuta ta dawo kamar amarya. Ba daidai ba ne a riƙa zubar da na'ura mai lafiya don wani kamfani ya ja layi.

InjiniyaBala:
Kabiru, ban ce a zubar ba. Wanda yake da ita a gida ya ci gaba da morarta, ya bi shawararka. Amma akwai bambanci tsakanin riƙe tsohuwar da kake da ita da kuma zuba rabin miliyan a sayo ta yau. Tsallaken da kake faɗa yana yiwuwa, sai dai Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta lamunce wa irin waɗannan na'urori sabuntawa ba. Sannan mutumin nan da CorelDRAW yake ci da iyalinsa, Corel kuma ba a yi shi domin Linux ba.

Kabiru_Linux:
Akwai Inkscape da GIMP, manhajojin zane da ke aiki a Linux.

Auwalu_MaiZane:
Yaya Kabiru, masu injin buga banna da nake kai wa aiki fayil ɗin Corel suke karɓa. In na kai wani abu daban sai an yi ta fama da launi da girman rubutu. Ba zan iya wannan gwajin da aikin mutane ba.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa, daga Maraɗi nike bin ku. Mu nan tsofaffin na'urorin ofis da yawa daga Faransa suka hitowa, wasu kuma daga Kano 'yan kasuwa ka kawo muna su. Abu guda ni ka son in ƙara: ku duba kibod. Na Faransa AZERTY ne, inda kuka saba ganin Q nan A take. Wanda ya saba da na Ingilishi in ya samu wanga sai hannunshi ya yi ta ɓata. Abu na biyu zahi. A watan Afrilu ɗakin aikina in babu wuta kamar tanda yake. Tsohuwar na'ura mai cin wuta da yawa ita ma zahi take ƙarawa, fanka na ta kuka. Ni ƙaramar nan da ba ta hi littahi girma ba na saya, da sola nike tafiyar da ita.

Nura_Sola:
Ɗan Maraɗi ya taɓo inda nake jira. Kowa yana lissafin kuɗin saye, babu mai lissafin kuɗin ciyarwa. Auwalu, da me kake kunna shagonka in an ɗauke wuta?

Auwalu_MaiZane:
Ɗan janareto ne da ni, sai ƙaramar inbata da batir ɗaya da nake kunna fitila da laftof.

Nura_Sola:
To ka ga. Firosesar i7-3770 an ƙiyasta ta a wat 77, ga kati, ga faifai mai juyawa, ga fankoki uku da fitilu. I5-8500 wat 65 ce, kuma ba ta ɗauke da waɗancan. Akwai ma ƙanwarta i5-8500T mai wat 35, ita ake sawa a 'yan ƙananan da Ɗan Maraɗi yake faɗa. Mu ɗauka ta farkon na jan wat 120 a matsakaici, ta biyun 50, kana aiki awa goma kullum, kwana 26 a wata. Ta farko yunit 31 da ɗoriya, ta biyu yunit 13. Tun da hukumar lantarki ta NERC ta kai kuɗin Band A ₦225 kowane yunit a Afrilun 2024, ko da yake an ɗan rage daga baya, wannan bambanci kuɗi ne. Amma ni ba ma mita ce damuwata ba, batir ne. Batirin da zai riƙe waccan awa biyu zai riƙe wannan kusan awa biyar. A harkarka wannan shi ne bambancin ka gama wa mai biki katinsa yau ko ka ce ya dawo gobe.

Maman_Ilham:
Malam Nura, wannan lissafi ya amfane ni ƙwarai. Kwamfuta arba'in a ɗaki ɗaya, abin da kowace ke ja ba ƙaramin zance ba ne ga janaretonmu.

Garba_Gyara:
Ni mai gyara ne, bari in faɗi abin da ke zuwa teburina. Irin haɗin shagon nan, inda ake matse kuɗi shi ne fawa-fak, domin shi ne abin da mai saye ba ya tambaya. Za ka ga an rubuta wat 500 ko 650 a jikinsa, ka ɗaga shi ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara. Mai kyau yana da nauyi, yana da sunan kamfanin da za ka iya nema, galibi da tambarin 80 Plus. Watan jiya wani bawan Allah mai ɗaukar hoton biki ya kawo min tasa. An dawo da wuta da ƙarfi da daddare, fawa-fak ya yi ƙara ya yi hayaƙi, bai tafi shi kaɗai ba, ya ja allo da ma'ajiya. Da na buɗe, ƙaurin ƙuna ya cika shagon, ga baƙin tabo a gefen allon kamar an ɗiga masa kwalta. Hotunan bukukuwa uku da bai miƙa wa masu su ba suna ciki. Mutumin nan zama ya yi a kan benci ya riƙe kai, ni ma na rasa abin da zan ce masa.

Saboda haka ko wacce ka saya, Auwalu, ka ware kuɗin UPS, mai batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko aƙalla stabilaiza, kuma ka riƙa kwafe aikin mutane a wata ma'ajiya ta waje. Sannan masu sayen tsofaffin da suka zo daga Amurka, ku leƙa bayansu. Wasu tsofaffin suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, shi ke nan.

Sadiq_Gamer:
Ku tsaya, kun taru kun yi wa haɗin shago rubdugu kun mai da tokumbon ofis kamar ba ta da aibi. Tana da shi. Waɗannan ƙananan na ofis fawa-fak ɗinsu wat 250 ne ko ƙasa da haka, kuma sifarsa da wayoyinsa na kamfanin ne, ba irin na kowa da kowa ba. Ba za ka shiga kasuwa ka sayi kowanne ka dasa ba. Akwatin kuma siriri ne, babban kati ba ya shiga, sai gajere irin GTX 1650 mai ƙaramin ƙarfe wanda ba ya neman wayar wuta daban. Ranar da Auwalu ya ce zai fara haɗa bidiyon biki ko zanen gini, ya isa bango. Wanda ya haɗa tasa da kayan gama-gari kuwa, yau ya canja kati, gobe ya canja firosesa.

Ni da kuɗin nan a hannuna, ba ta farko ba ta biyu. Firosesan AMD Ryzen 5 5600G zan nema, na 2021, kawuna shida, girafik ɗin cikinsa ya fi na Intel ɗin nan nesa, in sa allon B450 ko B550, in tsaya a kan mai haɗawa ya haɗa a gabana.

InjiniyaBala:
Sadiq, maganarka gaskiya ce, kuma ban ce haɗin shago haramun ne ba. Haɗin shago mai kyau ya fi tokumbon ofis sararin girma nan gaba. Abin da na ƙi shi ne tsohon ciki a sabuwar riga da farashin sabo. Hanyar gane darajar kowace haɗaɗɗiyar kwamfuta ɗaya ce: a rubuto sunan kowane ɓangare cikakke, ka zaga shago uku ka tambayi kuɗin kowanne shi kaɗai, ka tara. In abin da aka ɗora a kai ɗan ladan haɗawa ne da garanti, ta ci kuɗinta. In ratar ta yi yawa, fitilu ka saya. Sai dai ka lura, tun ƙarshen 2025 RAM ya yi tsada a duniya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe shi, don haka haɗin da kake faɗa zai iya wuce abin da kake zato.

Alhaji_Kwamfuta:
Tunda an zo maganar garanti bari in sa baki. Abin da mutane ba sa sakawa a lissafi shi ne wa za ka koma wa in ta lalace. Wanda ya sayi ɓangarori a shago biyar ya haɗa, in ta ƙi tashi, mai allo zai ce RAM ne, mai RAM zai ce fawa-fak ne, ka yi ta yawo. Wanda ya sayi haɗaɗɗiya wuri ɗaya yake komawa. Wannan ma daraja ce, kuma kuɗi ce. Shawarata ga Auwalu: ko wa ka saya a wurinsa, a rubuta maka a rasit lambar firosesa, girman RAM, irin ma'ajiya, lambar jikin na'urar, da kwanakin garanti. Garantin baki ba garanti ba ne. Ɗan kasuwar kirki ba zai ƙi rubutawa ba.

Sani_Funtuwa:
A nan kam ni da Alhaji bakinmu ɗaya.

Hafsat_BUK:
Tambaya daga gefe don Allah. Me zai hana ya ƙara sayen laftof mai ƙarfi kawai? Tana da batirinta, in an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba.

Garba_Gyara:
Ƙanwata, ga mai yawo laftof ce daidai. Ga mai zama shago tun safe har dare a zafin Kano da ƙurar hunturu, ta girke ta fi juriya, kuma a kuɗi ɗaya ta fi ƙarfi. In ta sha ƙura ka buɗe murfi ka hure ta cikin minti biyar. Kibod ya lalace ka sayi wani ka jona. Laftof kuwa shayi kaɗan ya zube a kanta sai a zo wurina. Ga kuma babbar monita, mai zane yana buƙatarta.

Auwalu_MaiZane:
Na bi shawarar Injiniya yau na zaga da takarda da biro. Ban faɗa wa kowa dalili ba, na dai riƙa tambayar kuɗin kowane ɓangare na ta farkon shi kaɗai: firosesa, allo, RAM, kati, faifai, akwati da fankokinsa, fawa-fak, monita. Da na tara abin da aka gaya min, bai kai ₦350,000 ba. Na koma wurin mai shagon na nuna masa cikin mutunci. Bai yi fushi ba, ya ce shi ma a haɗe ya saro ta daga Legas, ya sauko zuwa ₦450,000, ya ce ƙasa da haka faɗuwa zai yi. Na yi masa godiya na fito.

Ita ta biyun, in na ƙara RAM 8GB ta zama 16, na sayi monita tokumbo, da UPS ƙarami, ina ganin zan tsaya wajen ₦470,000. Amma maganar Sadiq ta tsaya min a rai, domin masu biki sun fara tambayata ko ina haɗa bidiyo.

InjiniyaBala:
In ka tsaya a kan ta biyun, ga abin da za ka yi kafin ka biya. Tafi da filashi mai manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna maka lafiyar SSD ɗin da awannin da ya yi yana aiki. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba, domin wasu na ofis da kullensu suke zuwa. Duba ko Windows ɗin a kunne yake da lasisinsa, irin waɗannan galibi lasisin a jikin allon yake. Jona filashi a kowace tashar USB ɗaya bayan ɗaya. Ka bar ta tana aiki kamar rabin awa ka saurari fanka. RAM ɗin da za ka ƙara ya zama DDR4, kuma sanda biyu na 8 sun fi sanda ɗaya na 16, domin hanya biyu suke buɗewa. Sai ka leƙa bayanta kafin ka sayi monita: yawancinsu tashar monita irin DisplayPort gare su, ba HDMI ba, kar ka kai gida ka tarar waya ba ta shiga.

Sadiq_Gamer:
Duk da haka ina nan a kan bakana. Bidiyon biki na 1080 za ta yi shi a hankali, amma in aiki ya buɗe masa zai sake neman wata cikin shekara biyu. Gara ya ƙara haƙuri wata uku ya cika kuɗi ya yi mai gaba ɗaya.

Nura_Sola:
Wata ukun nan da zai jira, ayyukan da laftof za ta ɓata masa fa? Kuma wa ya san inda farashi zai kai kafin nan?

Maman_Ilham:
Ni dai na samu abin da zan kai wa shugaban makarantarmu. Injiniya, zubi na takwas shi ne mafi ƙanƙanta da za mu karɓa, haka ne?

InjiniyaBala:
Haka ne Hajiya, in Intel ce. Kuma ku nemi SSD a kowace, ko da 128GB ne, ga aikin jarrabawa ya isa.

Dan_Maradi:
Auwalu, in ka koma ka tambaye su ko suna da ƙaramar mai T a ƙarshen lamba. Ka gwada su biyu da fayil ɗin banna mahi nauyi da kake da shi, ka ga wadda ta yi maka.

Auwalu_MaiZane:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ta farkon dai na cire ta a lissafi. Ranar Asabar zan koma da filashi da fayil ɗin wata banna mai ƙafa goma da ta saba daskarar min da laftof, in buɗe ta a kan ta biyun in gani da idona. Zan kuma tsaya wurin mai haɗawa in ji nawa haɗin Sadiq zai tsaya a farashin yau. Malam Garba, UPS mai VA 650 zai riƙe ta da monita har in adana aiki in tayar da janareto, ko in nemi wanda ya fi shi?

Garba_Gyara:
Zai riƙe na 'yan mintuna in batirinsa sabo ne, kuma iyakar abin da kake buƙata ke nan. Ka sa a gwada a gabanka, a zare filogi daga bango kana kallo. Firinta kuwa kar ka kuskura ka jona ta a jikinsa, musamman mai leza.